Bashin da Kaka Yake Bin Jikansa



Ka sha zuwa jana'iza, ka san yadda akan yi. Bayan an dawo daga maƙabarta sai wani babba cikin dangi ya miƙe ya ce, “Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya same mu. Wanda kuma marigayi yake bi, ya ji tsoron Allah ya kawo.” Mai bin jikka biyu ya zo, mai bin tiya biyar ta hatsi ya zo. A biya kowa kafin a taɓa gado. Wannan abu ne mai kyau, addini kuwa shi ya umurce mu da shi.

Amma akwai wani bashi da ba a ambatonsa a wurin. Shi ne bashin da tsoho yake bin jikokinsa. Ba a auna shi da tiya, ba a ƙirga shi da dala. A kansa za mu yi magana yau. Tambayar ita ce: in kakanka ya rasu, aka yi zaman makoki, aka naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa, shin ka gama da shi ke nan, ko kuwa da saura?

Kafin ka amsa, yi wannan gwaji. Faɗi sunan mahaifinka. To, faɗi sunan kakanka, sunansa na yanka. Yanzu faɗi na uban kakanka. Ka gwada wannan a kasuwar Bande, ko Magarya, ko Dungas, ko Wacha, za ka ga mutane da yawa sun tsaya a na uku suna sosa ƙeya. In ka juya wajen uwa abin ya fi haka wuya. Kakarka wadda ta goya ka, ta ɗura maka koko, wataƙila ba ka san ta da wani suna ba sai Inna ko Iya.

Kaka da jika

Bari mu fara duba abin da ya sa mutuwar kaka take da nata ciwo dabam.

A gidan Bahaushe akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari. Uba ba ya sakin fuska ƙwarai, don kada yaro ya raina shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wani lokaci ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Amma kaka fa? Shi abokin wasa ne. Jikanya mace ya kira ta matarsa, ya ce ba ta iya tuwo ba. Jika namiji ya ce da shi ɓarawon mata, ya zo zai ƙwace masa tsohuwa. Shi kuma yaro ya ja masa gemu, ya ɗauke masa hula, ya ce, “Tsoho, yaushe za ka mutu mu sha gumba?” Kowa ya yi dariya.

A cikin wannan wasa ake yin babbar makaranta. Abin da yaro ba zai iya tambayar ubansa ba, kakansa yake tambaya. Shi yake gaya masa daga ina aka zo, wa ya fara saran wannan daji, me ya sa gidan wane da gidanku ba a shiga tsakaninsu. Uba yana gona, uwa tana daka. Tsoho ne kaɗai yake da lokacin zama a gindin bishiya ya saurari shirmen yaro.

Saboda haka ranar da ya rasu, jika ya rasa babba guda wanda ba ya jin nauyinsa. Mutane kuwa sai su ce, “Ai ya ci zamaninsa. Wannan hutu ne ya samu.” Gaskiya ne. A wasu garuruwa ma jikoki sukan sa hular marigayi, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa, a yi ta dariya, a ba su ɗan abin da ya samu. Amma ka dubi idon jikan da ya fi kowa iya kwaikwayon. Sau da yawa shi ne wanda zai koma bayan ɗaki ya yi kuka shi kaɗai. Mai gaisuwa ya gai da ƴaƴan mamaci, ya gai da matansa, ya wuce jika. Ya kamata mu riƙa tsayawa mu ce da shi, “Yaya haƙuri?” Shi ma an yi masa mutuwa.

Kuka yana da iyaka

Kada kowa ya ce maka zubar da hawaye rashin tawakkali ne. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da malamai suka hana shi ne kururuwa, da birgima, da yage tufafi, da faɗin maganar da za ta saɓa wa Allah.

Addini ya yanka wa makoki iyaka. Kwana uku ne ga kowa, sai matar mamaci wadda take takaba wata huɗu da kwana goma. Akwai hikima a cikin wannan. Damina ba ta jiran mai baƙin ciki. In ruwan shuka ya sauka, ko jiya aka binne tsoho, dole a ɗauki sungumi. Game da sadakar bakwai da ta arba'in kuwa, malamai sun saɓa, wasu suna yi, wasu suna hanawa. Wannan ka tambayi malaminka. Amma dukkansu sun haɗu a kan cewa addu'a tana isa ga mamaci, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Ka ga ke nan abu biyu ne. Akwai makoki, shi yana da iyaka. Akwai tunawa, ita ba a yanka mata iyaka ba. Makoki mun iya shi ƙwarai. Maƙwabta su kawo abinci, dangi su zo daga Damagaram, daga Daura, daga Kano, ba a barin mai rashi shi kaɗai. A wajen tunawa ne muke da rauni.

Yadda suna yake ɓacewa

Abin mamaki shi ne, ladabinmu ne da kansa yake taimakawa wajen ɓatar da sunan tsofaffi. Duba ka gani.

Ɗa ba ya kiran sunan ubansa. Matar ɗa ba ta kiran sunan surukinta, ko da wani ne can mai irin sunan. In an haifi yaro aka mai da masa sunan kakansa, to, ranar suna kaɗai za a ji liman ya faɗe shi. Daga nan sai a rufe shi da laƙabi: Abba, ko Baba, ko Babangida. In mace ce aka sa mata sunan kakarta, sai a ce Uwani ko Ummi. Watau mun ajiye sunan don girmamawa, mun kuma ɓoye shi don girmamawa.

Kabari ma haka. Ba ma gina shi, ba ma rubuta komai a kansa. A ɗora ƙaya, a kafa ɗan itace ko a kifa fasasshiyar tukunya. Damina uku ko huɗu, ƙasa ta baje. Wannan ma yana da kyau, don yana tuna mana sarki da talaka ɗaya suke a cikin rami.

To, amma in baki ba ya faɗin sunan, kabari ba ya ɗauke da shi, ina zai zauna? Da can yakan zauna a kan tsofaffin gida, daga wannan ya koma wancan, don duk ana gandu ɗaya, ana cin tuwo a akushi ɗaya. Yau gandu ya watse. Samari suna cin rani a Kano, da Legas, da Agadas, da Libiya, da Aljeriya. Wanda yake gida kuwa, da dare kunnensa yana kan rediyo, idonsa yana kan waya. Tsoho yana nan zaune da labarinsa, babu mai karɓa.

Wasu mutane da suka ɗauki abin da zafi

Bari in ba ka labarin waɗansu mutane na nesa, don mu auna kanmu da su.

A ƙasar Amurka akwai wata jama'a da aka fi sani da suna Mormon. Su kansu sun fi son a kira su da sunan ikilisiyarsu, watau Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Joseph Smith ya kafa ta a shekarar 1830 a jihar Niyok. Suna ce da kansu mabiya Yesu, amma sauran Kirista da yawa suna ganin koyarwarsu ta bambanta da tasu. An tsananta musu, an kore su daga gari zuwa gari, har aka kashe Joseph Smith a 1844. A 1847 wani shugabansu, Brigham Young, ya ja su zuwa wata busasshiyar ƙasa kusa da wani tabki mai gishiri. Wurin ne ake kira jihar Yuta yanzu, can ne cibiyarsu. Yau sun wuce miliyan 17 a duniya. Sun kafu a kudancin Nijeriya da Gana tun 1978. Sun buɗe babban ɗakin ibadarsu a Akara a 2004, da wani a Aba a 2005.

In kaka ya rasu a gidan ɗan Mormon, ba a binne shi ran nan kamar yadda muke yi. Akan jira kwanaki kaɗan dangi su taru. A wurin jana'iza wani daga cikin ƴaƴa ko jikoki yakan tashi ya karanta taƙaitaccen tarihin marigayi: inda aka haife shi, da shekarar, da sunan iyayensa, da aikin da ya yi, da halinsa. Sau da yawa jikoki sukan taru su yi waƙar addini. A bakin kabari wani namiji cikin dangi ya yi addu'a. Matan ikilisiya kuma su dafa wa masu rashi abinci, kamar dai yadda maƙwabta suke yi a wurinmu.

Amma babban aikinsu yana gaba da jana'iza, yana kuma bayanta. Tun mutum yana da rai ake kwaɗaita masa ya riƙa rubuta abin da ya same shi. Wani shugabansu, Wilford Woodruff, ya yi shekara fiye da 60 yana rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, har ya rasu a 1898. Kowane gida kuma ana so ya nemo sunayen kakanninsa, na wajen uba da na wajen uwa, ya rubuta, ya yi ta bin sawu baya har inda ƙarfinsa ya ƙare.

A 1894 suka kafa ƙungiya ta musamman don wannan aiki. Daga 1938 suka fara yawo ƙasa ƙasa suna ɗaukar hoton takardun haihuwa, da na aure, da na mutuwa, a kan wani siririn fim. Da abin ya yi yawa sai suka fafe cikin wani dutse kusa da babban birninsu, suka yi rumbu a ciki, suka gama shi wajen 1965. A cikinsa akwai naɗin fim wajen miliyan 2 da dubu 400. Ka ji rumbun da babu hatsi ko zangarniya ɗaya a ciki, sai sunayen matattu. Yanzu sun juye su a kwamfuta, kowa yana iya dubawa ta intanet a ƙarƙashin suna FamilySearch. A Gana da Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, inda takardu ba su da yawa, sukan aika ma'aikata ƙauyuka su zauna gaban tsofaffi, tsoho yana jero sunayen kakanni, su suna rubutawa.

Me ya sa suke wannan wahala? Don sun gaskata cewa iyali ba ya rabuwa da mutuwa, in an ɗaura shi a ɗakin ibadarsu. Har mai rai yakan yi baftisma, watau wankan shiga addininsu, a madadin kakansa da ya mutu bai shiga ba. Suna cewa ya rage ga mamaci ya karɓa ko ya ƙi. Wannan abu ya jawo musu rigima. Yahudawa sun yi ƙara don an sa sunayen matattunsu, har aka yi yarjejeniya a 1995. A 2008 hukumar Katolika ta hana limamanta ba su littattafan rajista.

Abin ɗauka da abin bari

Musulmi bai yarda wani ya shiga addini a madadin wani ba. Kowa da kabarinsa, kowa da hisabinsa. Wannan a fili yake, ba sai mun tsawaita ba. Amma in ka ga maƙwabcinka ya gina rumbu mai kyau wanda gara ba ta shiga, ba sai ka bi addininsa ba kafin ka dubi yadda ya ɗora shi a kan duwatsu.

Riƙe sunan magabata kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malami yana iya jero maka malaminsa, da malamin malaminsa, har nesa. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da jerin sarakuna a ka. Shi ya sa har yau yaron lakwal ya san Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya san Amadu Kuren Daga, wanda a zamaninsa Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Wani malamin tarihi ɗan ƙasar nan, Andre Salifu, ya fitar da littafi a kan daular Damagaram a 1971.

To, sarki yana da maroƙi. Malami yana da almajiri. Manomi fa, wa gare shi? Mutumin da ya sare daji, ya haƙa rijiya, ya biya haraji, ya ciyar da mutum ashirin da hauya ɗaya, wa zai riƙe sunansa? Ba shi da kowa sai jikansa.

Kada ka ce labarin talaka ba abin rubutawa ba ne. A ƙasar Zazzau an yi wata tsohuwa, Baba ta Karo. Ba ƴar sarki ba ce, ba ta yi karatun boko ba. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Har yau ana karanta shi a manyan makarantu na duniya, don a san yadda Hausawa suka zauna kafin zuwan Turawa da bayansa. Tsofaffi nawa irin Baba aka binne a ƙasar Magarya da labarinsu a ciki?

Abin da ake binnewa tare da tsoho

Wani zai ce, “To, in an manta, me aka rasa?” Bari mu ƙirga.

Na farko, iyakar gona. Ƙasarmu ta Magarya da Dungas tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a Nijar. Gona ta tsuke, fadamar rake da lambu ta yi tsada. Tsoho shi ya san wace gona ce gado, wace ce aro, wace ce jingina, nawa aka karɓa, gaban wa. Shi ya san gawon da yake kan iyaka, da inda burtali ya bi. Ranar da ya rufe ido, sai ka ji ƴan'uwa ciki ɗaya suna gaban mai gari, daga nan sai gaban sarki, daga nan sai gaban alƙali. Tun 1993 gwamnati ta kafa dokar zaman karkara, aka kuma sa hukumomin kula da filaye masu ba da takardar shaida. Amma takarda ba ta san abin da ba a gaya mata ba.

Na biyu, dabarar tsira. Kakanka ya ga farin 1973 da 1974. Ya ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, bayan gyaɗa ce take biyan haraji, take yin aure. Ya ga yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El-Buhari, don a shekarar ne Nijeriya ta rufe iyaka. In ya daɗe ƙwarai, ya ji daga bakin ubansa yadda aka yi aikin dole na Turawa, wanda ba a soke ba sai 1946. Ya san ganyen da aka ci, da irin hatsin da ya jure, da kuskuren da ya sa wasu suka sayar da gona don buhu ɗaya. Yunwa ba ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, zumunci. Iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya ta ratsa dangi da yawa. Tsoho ya san ƙanensa da ya zauna a ƙasar Daura, da ƴar'uwarsa da aka kai aure ƙasar Kano. In ya tafi, zaren ya tsinke. Jikoki su haɗu a tasha su yi cinikin kujera, har su yi zage-zage, ba su san jini ɗaya ba ne. An umurce mu da sada zumunci. Yaya za ka sada zumuncin da ba ka san da shi ba?

Maganganu uku da za a iya yi mini

Wani zai ce, “Mamaci addu'a yake bukata, me zai yi da takarda?” Gaskiyarka. Takarda ba ta sauƙaƙa wa kowa kwanciyar kabari. Malamai sun koya mana abin da yake bin mutum bayan mutuwa: sadakar da ba ta yankewa, da ilmin da ake amfani da shi, da zuriya tagari mai yi masa addu'a. To, duba. Gawon da ya bari ya girma a gona, yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci, sadaka ce. Abin da ya sani, in ka rubuta aka yi aiki da shi, ilmi ne mai amfani. Addu'a kuwa, ɗanka zai fi yi wa wanda ya san sunansa da halinsa, bisa ga wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Ashe takarda ba kishiyar addu'a ba ce, ƴar aikenta ce.

Wani kuma zai ce, “Tonon asali yana kawo fitina.” Wannan magana tana da nauyi, kada mu raina ta. A ƙasar Damagaram an yi bauta. Akwai gidajen da kakanninsu suka mallaki mutane, akwai waɗanda aka kamo nasu kakannin. Har yau akan fasa aure a kan wannan, ko da yake dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi tun 2003. Akwai kuma mai neman asali don ya yi taƙama, ya ce shi jinin wane ne. Amsa ita ce: ka rubuta na gidanku, ka bar na gidan wani. Wanda ya rubuta asalin maƙwabcinsa don ya tozarta shi, ya mai da alƙalami wuƙa. In kuwa ka tarar kakan kakanka kamo shi aka yi, to, abin kunya yana kan wanda ya kama, ba ya kan wanda aka kama. Mutumin da aka raba da garinsu, ya jure, ya kafa gida har ga ka a yau, ya cancanci a riƙe sunansa fiye da kowa.

Na uku zai ce, “In kakana yana da aibi fa? In rubuta, ko in yi ƙarya?” Kada ka yi ko ɗaya. An hore mu mu ambaci alherin matattu, mu kame baki daga zaginsu. Abin da Allah ya rufe tsakaninsa da bawansa, ka bar shi a rufe. Amma kada ka mai da tsoho mala'ika. In mai faɗa ne, ka ce mai faɗa ne, amma ba ya kwana da mutum a ciki. In ya taɓa yin asara don gaggawa, ka faɗa, don jikoki su koya. Yaro ba ya iya koyi da mutumin da bai taɓa tuntuɓe ba. Sai dai abu guda ba a rufe shi: haƙƙin wani. In ka gano gonar da kuke nomawa jingina ce ko aro, to, ƙaunar kakanka ita ce ka fito da gaskiya, ka sauke masa kaya. Wannan yana da ɗaci, amma ya fi masa amfani bisa ga sa goma da za ka yanka.

To, yaya za a yi?

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ka koyi haɗa baƙi da wasali, yanzu kana da abin da kakanka bai samu ba. Kada ka tsaya kan rubuta lissafin kasuwa da karanta wasiƙa kaɗai.

Sayi kaye da bik. Kuɗinsu bai kai jikka guda ba, amma za su kai ga jikan jikanka. A shafin farko rubuta sunanka, da na mahaifinka, da na kakanka, har inda aka sani. A shafi na biyu yi haka wajen uwa. Abin da baki yake jin kunyar faɗi, hannu yana iya rubutawa ba tare da rashin ladabi ba. Ke ma ƴar'uwa da kike ajin mata, aikin nan naki ne. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, kuma ke za su fi sakin jiki da ke.

In kakanka yana da rai, kada ka jira. Kai masa goro, ka zauna, ka tsokane shi da wasa yadda ka saba. Kada ka ce, “Ba ni tarihi,” don zai ce ba shi da shi. Ka tambaye shi abu ɗaya ɗaya. Wa ya yi maka kaciya? Nawa ka biya sadaki? Ina ka fara zuwa cin rani, da ƙafa ko da mota? In bai san shekara ba, ya san abin da ya faru: shekarar samun mulkin kai, watau 1960, ko shekarar da soja suka karɓi mulki daga Diori Hamani, watau 1974. Kai sai ka sa lamba. In kana da waya mai ɗaukar murya, ɗauki muryarsa, amma ka rubuta kuma, don waya takan lalace ko ta ɓata. Maganar gona kuwa, a yi ta gaban shaidu, a kai wa hukuma ta ba da takarda.

In kuwa ya riga ya rasu, to, ba a makara duka ba. Abokinsa yana nan, ƙanwarsa tana nan, matarsa tana nan. Je ka gaishe su. Girmama abokan mahaifa bayan ransu yana cikin biyayya. Za ka ga yadda fuskar tsohuwa za ta yi haske in ka ce, “Ba ni labarinsa.” Ta daɗe tana jiran wanda zai tambaya.

In ka rubuta, kada ka kulle a akwati gara ta cinye. Sa shi a leda, ka ajiye tare da takardun haihuwa. Ranar Salla, in dangi sun taru an ci an sha, fito da shi ka karanta wa yara shafi ɗaya. Ka nuna wa Abba ko Babangida sunan da yake ɗauke da shi, ka gaya masa wane ne mai sunan. Sa'an nan ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a gaba ɗaya. Ka bar shafuka farare a baya, don wata rana wani zai rubuta naka.

Allah ya jiƙan kakanninmu, ya yafe musu kurakuransu, ya sa sun huta. Mu kuma ya kyautata namu zuwan, ya ba mu jikokin da za su riƙe mu.